A Unguwarmu Littafi Kotu Yake Zuwa

Mu dai a unguwar nan ba mu iya sharhin littafi ba, shari'a muka iya. Ka tambayi mutum yadda ya ga wani sabon littafi, ba za ka ji zancen salo ko zubin labari ba. Abin da za ka ji shi ne, "Wallahi mijin nan bai da imani!" ko kuwa, "Ni uwar mijin ce ta ƙona min rai." In an tsine wa mutum uku a cikin labari, to littafi ya yi ma'ana. In an kammala ba a tsine wa kowa ba, sai a taɓe baki a ce, "Ba laifi."

Haka muka taso muka tarar. Tun 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, amma har gobe akwai gidajen da ba a yafe wa Alhaji Abdu korar matarsa Rabi da 'ya'yanta ba. An fassara littafin zuwa Turanci, an buga shi a Indiya a 2012, masana na ta rubuce-rubuce a kan matsayin mace a cikinsa. Mu kuwa hukuncinmu bai canza ba: amarya Delu ce ta watsa gidan. Da Ado Ahmad Gidan Dabino ya kawo In Da So Da Ƙauna, an yi ta cacar baki a kan Sumayya da Muhammad kamar a layinmu za a ɗaura auren.

Sai kuma yadda muke tallata wa juna littafi. Anti za ta kira ki gefe ta ce, "Ƙanwata, ki nemi littafin nan ki karanta, ba zan faɗa miki komai ba. Amma ki riƙe zuciyarki, don a ƙarshe amaryar mutuwa take yi." Ta gama miki da labari, kuma a ganinta taimako ta yi. Abin mamaki, sai kin nema kin karanta, don ki ga ta yadda aka yi ta mutu.

Alƙalan namu kala-kala ne. Akwai mai awo da hawaye, wadda in ba ta jiƙe gefen mayafi ba littafi ya faɗi. Akwai mai fara karatu daga shafin ƙarshe, in ba a yi aure ba ta mayar wa mai shi. Akwai Kawu, wanda kullum faɗansa littattafan soyayya ne suka lalata tarbiyya, amma in kika kuskure sunan jaruma shi zai gyara miki. Ga kuma sabon alƙali, mai sauraro a YouTube, wanda duk hukuncinsa a kan muryar mai karantawa yake ƙarewa.

Zuwan waya ma ya ƙara wa kotun ƙarfi. A da sai littafi ya fito, an sayo shi a kasuwar Sabon Gari ko an karɓo a shagon haya, kafin a zauna a kansa. Yanzu marubuciya na sakin labari kaɗan-kaɗan a WhatsApp ko Wattpad, mu kuma muna biye da ita da gargaɗi: "Anti, in kika raba su mun daina karantawa." Tana rubutu ana yi mata shari'a, har wata kan karkatar da alƙalami don a zauna lafiya. Gasar Hikayata ta BBC Hausa ma ba ta tsira ba. Tun 2016 da Aisha Muhammad Sabitu ta fara cinyewa da labarinta Sansani, duk shekara alƙalan gasa su yi nasu hukunci, mu ɗaukaka ƙara a tsakar gida.

Maza kada su yi dariya, don tasu ta fi. A 2016 Abubakar Adam Ibrahim ya ci kyautar adabi ta NLNG, dala dubu ɗari, da littafinsa Season of Crimson Blossoms. A majalisa tambaya biyu aka yi: nawa ke nan a naira, kuma da gaske ne Hajiya Binta, dattijuwa mai jikoki, da ɗan daba take soyayya? A Fabrairun 2025 Janar Ibrahim Babangida ya ƙaddamar da tarihin rayuwarsa, A Journey in Service, a Abuja, inda ya amince Abiola ne ya ci zaɓen 12 ga Yunin 1993. Teburin mai shayi ya kwana biyu yana rawa. Wannan ya ce tuba ce, wancan ya ce maradonanci ne, wani kuma lissafin biliyoyin da aka tara wurin taron kawai yake yi. Ka ce wa ya riƙe littafin a hannunsa, sai kowa ya kurɓi shayi.

Duk da haka kada a raina kotun nan tamu. Babu shafin jarida da ya taɓa sa mutum neman littafi kamar tsinuwar maƙwabciya. Mutanen cikin labari mun ɗauke su 'yan uwa da abokan gaba, kuma marubuci ba ya neman abin da ya wuce haka. Inda muke da saura shi ne wajen shi marubucin. Mutum ɗaya ya saya, goma su ara. Marubuciya ta rubuta Allah ya isa ga duk wanda ya tura labarinta ba tare da biya ba, mu karanta Allah ya isar, mu ce "ba da mu take ba", mu gangara shafi na gaba, a ƙarshe mu sallame ta da "Allah ya ƙara basira".

Mun san sunan kishiya, mun san sunan direban Alhaji, mun san irin atamfar da aka sa ranar kamu. Amma ka ce, "Goggo, wa ya rubuta?" Sai ta juya littafin gaba da baya ta ce, "Ai ɗan nan, a haka aka aro min shi, ba bango."