Wai Python Python Ce?

Na ga kuna murmushi. Don an ce Python 2 da Python 3 ba halinsu ɗaya ba wajen jera abubuwa, kun ce marubucin ya rasa abin rubutu ne, ai bambancin bai wuce baka biyun nan da aka ƙaƙaba wa print ba. To madalla. Tun da musu kuke so, ku gyara zama.

Ranar 3 ga Disamba 2008 Guido van Rossum, mutumin Holan da ya ƙirƙiro wannan harshen kwamfuta, shi da abokan aikinsa suka fitar da Python 3.0. Cikin abin da suka taɓa har da map da filter da zip. A Python 2, kowannensu jeri yake danƙa maka, cikakke, mai suna list. A Python 3 kuwa itareta suke ba ka, wato mai miƙo abu ɗaya-ɗaya. Jeri takarda ce da aka rubuta sunaye a kai: ka karanta, ka koma sama, ka ƙirga, ka yi tsalle zuwa na bakwai. Itareta kuwa mai shela ne da ke kiran sunayen da baki, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ya maimaitawa. Wanda bai ji ba, shi ya sani.

Malam mai gardama na can yana cewa, to sai me? Ga sai me. Kana da sunayen ɗalibai da makinsu, ka haɗa su da zip, ka ajiye. Zagaye na farko ka buga kowane suna da makinsa, komai lafiya lau. Zagaye na biyu ka ce a tara maki. Python 2 za ta ba ka jimilla. Python 3 za ta ba ka 0, domin zagayen farko ya riga ya cinye komai. Aji guda ya tashi da sifili, Malam, kuma da hannunka.

"Ai da ta yi ƙorafi." Ina! Nan gizo ke saƙar. Da ka nemi tsawonta da len, ko ka ce a ba ka abu na uku, da ta tsaya ta jefo maka TypeError, ka gode Allah ka gyara. Amma zagayawa a kan itareta da ta ƙare ba laifi ba ne a wurinta. Shiru za ta yi ta wuce, kai kuma ka miƙa sakamako kana taƙama.

Hajiya, ke ma da kike dariya, zo mu gani. Kin rubuta filter don tace waɗanda suka faɗi jarrabawa, kika sa if a gabansa: in akwai wanda ya faɗi, a aika gargaɗi. A Python 2 jeri marar komai ƙarya ne, don haka ba a aika komai ba. A Python 3 abin da filter ya dawo da shi gaskiya ne kullum, ko da babu kowa a ciki. Kowa ya ci, gargaɗi ya tafi. Haka wanda ya saba kiran map don kawai a gudanar da wani aiki a kan kowane abu: a Python 3 ba abin da zai motsa sai an zo an nemi sakamakon.

Yanzu kun juya baki, kun ce ashe mugunta suka shirya. Ba mugunta ba ce, tattali ne. A Python 2, range na lamba biliyan ɗaya sai ya gina jerin duka kafin a fara aiki, kuma a kwamfuta mai bit 64 guraben jerin kaɗai gigabait 8 ne, ba a ma zo kan lambobin ba. Shi ya sa aka yi xrange, da izip da imap na cikin itertools. Python 3 ta ɗauki halin waɗannan ta ba wa sunayen asali, ta share xrange da izip da imap.

Ga wani ɗan boko ya ɗaga hannu: ashe range ma itareta ne. Sauke hannunka, ɗan'uwa. A Python 3 range ba ya tara lambobi, farko da ƙarshe da taki kawai yake riƙewa, amma ana zagaya shi sau nawa aka so, ana auna tsawonsa, ana ciro na tsakiya. Haka keys na ƙamus: ba jeri ba ne, ba itareta ba ne, yana nuna abin da ke cikin ƙamus ɗin a halin yanzu. Shi ya sa goge mabuɗi kana cikin zagaya keys ya wuce lafiya a Python 2, inda kwafi kake zagayawa, amma a Python 3 sai RuntimeError ta tare ka.

Na ji masu wayo sun ce magani mai sauƙi ne, a naɗe komai cikin list a huta. Manhajar 2to3 mai juya rubutun Python 2 zuwa Python 3 ma haka ta riƙa yi a wurare da yawa, kafin a cire ta a Python 3.13. Yana aiki, ban musa ba. Sai dai in fayil ɗinka mai layi miliyoyi ne, ka dawo da cunkoson da aka gudu daga gare shi. Tambayar ɗaya ce kafin ka naɗe: sau nawa zan bi ta kan abin nan? In sau ɗaya ne, bar shi yadda yake. In za ka koma, ko ka ƙirga, ko ka jera shi bisa tsari, sa list.

Ku kuma dattawan da kuka rantse ba za ku bar Python 2 ba, Allah ya ba ku haƙuri. Tun 1 ga Janairu 2020 aka daina kula da ita, kuma 2.7.18 ta watan Afrilun shekarar ita ce auta. Sauran masu musu, kada ku yarda da ni. Ku buɗe Python 3, ku haɗa jeri biyu da zip, ku kira list a kansa sau biyu a jere. Wanda na biyun bai fito masa fanko ba, shayin gobe a wuyana.