Tawul ɗin Baƙi, da Baƙon da Bai Iso Ba

Tawul mafi tsada a kowane gida a unguwar Rikkos ta Jos bai taɓa ganin ruwa ba. Yana can ƙasan akwatin uwargida, a naɗe cikin ledarsa, kafur na gadinsa, ko kuma an ninke shi an ɗora a shogilas kusa da kofunan tangaran da su ma ba a taɓa shan shayi da su ba. Sunansa tawul ɗin baƙi. In ka ce wane baƙo, sai a ce maka babban baƙo. Kawu ya zo daga Bauchi ya kwana uku, aka ba shi na maigida, domin Kawu na gida ne. Gwaggo ta zo wankan jego daga Zariya har aka yi arba'in, aka ce ai ta zo da zaninta. Surukai suka zo, aka ce kunya ba za ta bari su nemi ruwan wanka ba. Shi dai baƙon da ya cancanci wannan tawul har yau motarsa ba ta shigo tashar titin Bauchi ba, kuma ina kyautata zaton ko gwamna ne ya kwana a gidan, za a ce a bari sai shugaban ƙasa.

Wanda ke yin aikin kuwa yana rataye a ƙusa bayan ƙofa. Ba wanda ya tuna launinsa na asali. Maigida ya ce shuɗi ne, uwargida ta ce ruwan hoda ne, babban yaron gidan ya ce shi tun da ya yi wayo ruwan ƙasa ya san shi. Tsakiyarsa ta yi sharara har kana iya leƙen wanda ke shigowa ta cikinsa, bakinsa ya zare, amma in ka ce a jefar sai a ce maka, "Wannan? Ai yanzu ya fara shan ruwa." Kuma abin haushin shi ne gaskiya suka faɗa.

Matsalar daga lefe take farawa. Ranar da aka kawo akwatuna, bayan an ƙirga atamfofi da leshi da shadda, an ɗaga takalma an duba ƙarƙashinsu, akwai wata gwaggo da aikinta kawai tawul. Za ta ɗaga shi da hannu biyu ta jinjina, ta shafa a kumatu, ta karkata kai ta ce, "To, ba laifi, amma na 'yar gidan Alhaji ya fi wannan kauri." Shi ke nan an gama da ango. Ba ta tambayi ko yana shan ruwa ba, ba ta tambayi ko yana bushewa ba, domin ta san ba wanka za a yi da shi ba. An sayo shi ne don a gani, an kuma gani. Daga nan sai ritaya, tun bai fara aiki ba.

Da a ce a Sakkwato ake wannan wasa da na yi shiru, domin can kafin ka taka daga banɗaki zuwa ɗaki rana ta gama aikin tawul kyauta. Amma nan Jos ne. Gari ne da ke zaune sama da mita 1,200 bisa teku, inda a watan Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauko wajen digiri 12, wani lokaci ƙasa da haka, ga iska na kaɗowa daga duwatsu. A gidan haya na Rikkos ko Gangare ko Dilimi, inda bayi yake can ƙarshen tsakar gida, tazarar da ke tsakanin guga ta ƙarshe da ƙofar ɗakinka ita ce jarrabawa mafi wuya a yinin mutum. Ruwan zafin da aka dafa a gawayi ya ƙare, tururi ya watse, haƙora sun fara kaɗawa. A wannan lokaci ne bawan Allah yake miƙa hannu ya jawo wani ƙyalle mai santsi da ya saya saboda an zana tambarin Chelsea a jiki, ya goga a bayansa, ruwan ya tashi daga kafaɗa ya koma ƙugu bai ragu da ɗigo ɗaya ba. Na san muna da dalilin son Chelsea a garin nan, tunda a nan aka haifi Mikel Obi, amma ban ga inda ƙauna ta taɓa tsane jiki ba.

Wasu sun warware matsalar ta wata hanya. Da hunturu ya kama, sai su ba tawul hutun shekara. A wanke fuska, a wanke hannu da ƙafa, a shafa basilin, a zura rigar sanyi biyu, sai kuma Juma'a in Allah ya kai mu. Waɗannan ba ruwansu da wannan rubutu kafin watan Maris.

Su waɗanda suka ƙirƙiro abin don wanka suka yi shi. Masaƙan Bursa a ƙasar Turkiyya ne suka shahara da saƙa mai madaukai, wato zaren da aka bari ya yi 'yan ƙananan zobba a fuskar ƙyallen, saboda gidajen wankansu. Wani Bature mai suna Henry Christy ya gani a Istambul ya kai samfuri Ingila, kamfanin gidansu ya fara saƙa shi da inji a 1850, aka nuna shi a babban baje kolin London na 1851, Sarauniya Victoria ta gani ta yi oda. Waɗannan zobban su ne dukan sirrin. Kowane madauki yana ƙara faɗin wurin da ruwa zai kama, ita kuma auduga tana tsotse shi. Roba ba ta tsotsa yadda auduga ke yi. Don haka tawul mai sheƙi da aka cakuɗa da zaren roba yakan yi kyau a ido, ya yi laushi a hannu, ya kuma bar ka a jiƙe.

Amma je ka Taminus ka ji yadda ake cinikin. Tun da babbar kasuwar ta ƙone a watan Fabrairun 2002, ciniki ya watsu a tituna da shagunan kewaye, kuma kowane mai tawul da ke wurin, bisa ga faɗarsa, kayansa daga Turkiyya suke. "Hajiya, taɓa ki ji. Wallahi ɗan Turkiyya ne, audugar Masar zalla." Hajiya ta taɓa ta ji laushi, ta fara tayawa. Abin da ba ta sani ba shi ne masana'anta kan shafa wa sabon tawul sinadarin laushi don ya yi daɗin taɓawa a shago, kuma wanki ɗaya ko biyu ke wanke shi. Ranar da aka wanke ne ake sanin wa aka auro. Gaskiya ne ana yaba audugar Masar saboda tsawon silinta, gaskiya ne kuma garin Denizli na Turkiyya yana fitar da tawul zuwa ko'ina a duniya. Sai dai in duk abin da ake rantsuwa a kansa a Taminus daga Masar yake, to Misirawa ba su bar wa kansu ko ta lagwani ba. Mafi yawansu daga Sin da Indiya da Pakistan suke, kuma wannan ba aibu ba ne, akwai nagari a ciki. Aibun shi ne Funtuwa da Gusau na noma auduga, masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, mu kuma muna tsaye a rana muna musu kan wace ƙasar waje ce ta fi iya share mana baya.

Wanda yake son ya sayi na gaske, ba sai ya yi karatun saƙa ba. Ya buɗa zobban da yatsa: in ya hango ƙasan ƙyallen a sauƙaƙe, saƙar ta yi sharara, ya ajiye. Ya duba ɗinkin baki, in layi ɗaya ne mai rauni, daga nan zarewa za ta fara. Ya nemi takardar da ke jiki ya ga ko an rubuta auduga ɗari bisa ɗari. In yana da ƙarfin hali, ya sayi ruwan leda ya ɗiga kaɗan a gefe: in ruwan ya nutse nan take, madalla, in ya tsaya ya yi ƙwallo yana kallonsa, a yi sallama. In kuma akwai zaren da ya zaro, a gida ya sa masa ashana, auduga takan ci wuta ta bar toka mai warin takarda, roba kuwa takan narke ta dunƙule. Na ce a gida. Kada wani ya kunna ashana a Taminus ya ce ni na aike shi, mutanen wurin ba su manta 2002 ba.

Akwai kuma 'yan kasuwar Katako, masu jiran a buɗe sabuwar dila. Su ba sa ruɗuwa da leda. Sun san tawul ɗin gwanjo ya riga ya sha wanki, halinsa ya fito fili, abin da ka gani shi ka saya. Sau da yawa nasu ya fi sabon shan ruwa nesa ba kusa ba. Abin da ba sa so shi ne a san daga ina ya fito. Za ka ga dattijo da tawul fari tas an saƙa sunan wani otal na Turai a bakinsa, ka ce, "Baba, ashe an je waje?" ya yi gyaran murya ya ce, "Yaro ne ya aiko." Yaron nan kuwa yana Farar Gada yana sayar da tumatur. Ba komai, Baba, amma a tafasa ruwa a jiƙa shi, a wanke sosai, a shanya a rana kafin ya taɓa jiki, domin ba mu san wane ne ya riga mu ba.

Sai batun kauri, wanda gwaggon lefe ta ɗauka shi ne mizani. Masu sana'ar suna auna tawul da nauyin giram a kowace murabba'in mita: daga 300 zuwa 400 mara nauyi ne, 400 zuwa 600 matsakaici, 600 zuwa 900 shi ne irin na manyan otal. Mai kaurin nan yana da daɗi, ba musu, amma an yi shi ne don gidan da ke da injin busar da kaya. Kawo shi Rikkos a watan Agusta, lokacin da ruwa kan kwana ya wuni yana zuba, rana ta yi kwanaki ba ta leƙo ba. Ka yi wanka da shi ranar Litinin, ranar Laraba yana nan da danshinsa, ranar Juma'a ya fara wari irin na kifin da aka manta a leda, baƙin ɗigon funfuna ya fito masa. Ga wanki: ya sha bokiti guda shi kaɗai, mai ruwa yana ƙirga jarkoki yana murmushi, matsewa kuma sai an kira mutum biyu. Matsakaici guda biyu da za a riƙa musanyawa sun fi wannan basarake amfani. Sai dai matsakaici ba ya sa a yi guɗa ranar lefe, shi ya sa ba a sayensa.

A gidaje da yawa kuma tawul ɗaya ne ke zagaya kowa, bisa tsarin girma. Maigida ya fara da asuba, ya same shi a bushe. Uwargida ta bi. Yara su bi layi, har ya iso kan auta, wanda a gaskiya ba goge jiki yake yi ba, ƙarin ruwa ake yi masa. Idan makero ya kama kan yaro ɗaya, mako biyu sai ka ga kawuna huɗu da tambari iri ɗaya, a ce maita ce ko aski. Idan afolo ya shigo gari, ciwon idon nan da aka fara gani a Gana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata har ya ci sunansa, sai gidan duka su sa baƙin tabarau, suna zargin wanda ya kalle su a makaranta. Ba wanda ya kalle ku. Ku dubi abin da ke rataye bayan ƙofa. Ana cikin haka kuwa akwai tawul uku sababbi fil a akwati suna jiran shugaban ƙasa.

Ban son in wuce ban gaida maigidan da ya mayar da tawul kayan sarauta ba. Ƙarfe bakwai ya ɗaura shi a ƙugu, asuwaki a baki, bokiti a hannu. Ƙarfe tara yana tsakar gida da shi yana sauraron rediyo, ya raba faɗan yara, ya yi cinikin gawayi a ƙofar gida, ya tattauna siyasar Jos ta Arewa da maƙwabci ta kan katanga. Ruwan da aka dafa masa ya huce sau biyu. Tawul ɗin kuma irin ƙaramin nan ne da bai kai santimita 70 da 140 da aka saba ba, ga tumbi ya ƙaru tun bayan aure, don haka hannu ɗaya kullum yana riƙe da mahaɗa. Duk matan gidan hayar sun koyi kallon ƙasa. Addu'ar kowa ita ce kada Allah ya kawo atishawa.

Mafi arha a duk unguwar shi ne na rabon biki. Ƙaramin tawul ne mai faɗin tafin hannu biyu, an buga sunan ango da amarya da ranar ɗaurin aure da fenti mai kauri, wanda in ka goge fuska da shi sai ya kankare maka hanci. Ana dambe a kansa a wajen walima, wadda ba ta samu ba ta yi fushi wata guda. Ba ya shan ruwa, amma yana da tsawon rai. Za ka gan shi a wuyan mai keke yana share gumi, ko a hannun mai shayi yana goge teburi, ɗauke da sunayen mutanen da tuni alƙali ya raba su.

Wani maƙwabcinmu ya ƙara aure kwanakin baya. Washegarin tarewa amarya ta shiga wanka, ta miƙa hannu bayan ƙofa, ta jawo tawul ɗin da aka rataya mata. Da ta buɗe sai ga sunan maigida da na uwargida a cikin zanen zuciya, da fatan Allah ya bar su tare. Uwargida ta rantse ba da gangan ba ne, shi ne kawai mai tsabta a gidan. Aka ce to ina sababbin da ke akwati? Ta ce, "Haba, Malam, na baƙi ne. Ita kuwa ai ta zama 'yar gida."