Tsarabar Masar

Kowa da irin jarabarsa. Wani goro, wani kallon ƙwallo, wani kuma ba ya iya wuce mai tsire bai rage sauri ba. Tawa jarabar tsaraba ce. Ko ɗaurin aure na je Kaduna sai na dawo da leda a hannu biyu, don ba na iya jure kallon nan da ake yi wa matafiyi in ya shigo gida, baki yana sannu da hanya, ido yana kan jaka. Da ina ce wa kaina zumunci ne. Amma mai zumunci saye yake ya huta, ni kuwa tayin ne ma abin marmarina. Da zarar ɗan kasuwa ya ce mini "albarka", sai in ji na gyara tsayuwa, ko sammako nake zan fasa.

To irin wannan mutum makarantarmu ta zaɓa ya raka ɗalibai Masar. Hujjarsu ita ce ni ke koyar da tarihi, kuma ina da ɗan Larabcin da na tsinta a zaure. Aka haɗa ni da wata malama mai koyar da labarin ƙasa, mace mai tsari, wadda tun kafin biza ta fito ta rubuta inda za a je kowace rana da tambayoyin da yara za su amsa. Ni ma na yi nawa rubutun. Na raba shafi gida uku: waɗanda tsarabarsu dole ce, waɗanda in ba a ba su ba za a ji a gari, sai waɗanda suka taɓa ba ni ban rama ba. Uwargida da yara da surukai suna gidan farko. Goggona ita kaɗai ta kusa cinye gida na biyu. Limamin unguwa, maigadin makaranta, da mai shayin bakin layinmu da ke ɗaga mini ƙafa a ƙarshen wata, duk suka samu shiga.

Tun a jirgi aka fara karatu ban sani ba. Yaron da ke jikin taga ya daɗe yana leƙe, can ya taɓo ni ya ce, "Malam, wai duk ƙasar tasu rairayi ce?" Da muka kusa sauka sai ga kore ya ɓullo, siriri, yana bin Kogin Nilu, dama da hagu kuwa ba ko ciyawa. Na yi shekaru ina rubuta wa yara a allo cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na Misirawa a bakin kogin nan suke zaune, suna haddacewa suna ba ni a jarrabawa. Yaron nan a tagar jirgi ya yarda da maganar. Ni a lokacin lissafi nake a bayan tikiti: jaka biyu, kowace kilo 23, in aka cire kayan sawata saura nawa.

A Giza aka fara ganin halina. Mai yi mana jagora ya tara yara a gindin dalar Khufu yana bayani, cewa ta kai shekara 4,500, tsayinta na asali ya kai mita 146, duwatsun da aka jera sun haura miliyan 2. Na ji farkon maganar. Sai wani bawan Allah ya matso da ƙananan daloli na dutse a tafin hannu, ya ce kyauta ce don ni baƙo ne. Duk ɗan Kano ya san kyautar ɗan kasuwa, amma sanin bai hana ni miƙa hannu ba. Kafin mu rabu na sayi daloli, na sayi rawani, na sayi wani raƙumin fata da har yau ban san wa na nufa da shi ba.

Da na dawo na tarar da yara suna musu. Wani ya tsaya jikin dutse ɗaya na sahun ƙasa, dutsen ya kai masa ƙirji, yana cewa ba yadda za a yi mutum ya ɗaga wannan. Wata ta ce ai ba ɗagawa aka yi ba, ja aka yi, kuma jagora ya ce jan dutsen da ke ɗakin sarki daga Aswan aka kawo shi ta ruwa, tafiyar kilomita wajen 800. Sai wani yaro shiru-shiru, wanda ban taɓa jin muryarsa a aji ba, ya ce kakansa ɗan dako ne a zamanin dalar gyaɗa, kuma ya ba shi labarin yadda suke hawa da buhu a ka har ƙololuwa. Ya ce shi abin da yake so ya sani, su waɗannan ma'aikatan wa ke dafa musu abinci. Jagora ya ji daɗin tambayar, ya nuna musu kudu da wurin, inda aka tono unguwar ma'aikatan da gidajen gasa burodinsu. Suka juyo gare ni don in ƙara bayani. Ina rungume da raƙumi na ce, "Ai ya faɗi duka."

Wuri ɗaya ne zan iya rantsuwa na tsaya daga farko har ƙarshe, shi ne gidan tarihin da ke Fusɗaɗ, inda aka mayar da gawarwakin sarakuna 22 a shekarar 2021. Kada a yaba mini, ɗakin ne ba a sayar da komai a cikinsa. Ƙarƙashin ƙasa yake, da duhu-duhu, ba a ɗaukar hoto, ba a ɗaga murya. Yaran da ko a masallaci sai an yi da gaske suke shiru suka yi tsit. Muka zo kan Ramsis na Biyu, wanda ya yi mulki shekara 66. Ga shi nan kwance, ɗan tsoho busasshe, hanci a lanƙwashe. Wata yarinya ta raɗa mini, "Malam, har gashinsa yana nan." Da muka fito suka yi wa jagora caa da tambayar da kowa ya taho da ita daga gida: shi ne Fir'aunan Annabi Musa? Ya ce masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, wasu sun ce shi ne, wasu sun ce ɗansa Marnabta, wasu sun kai abin wani zamani daban. Amsar ba ta yi musu daɗi ba. Sun saba malami ya ce kaza ne, su rubuta. Har dare suna ja-in-ja a masauki, kuma a ganina ba su samu darasin da ya fi wannan ba a duk tafiyar, su ga mutum mai ilmi ya ce ba a tabbatar ba, bai kuma ji kunya ba. Ni dai ban shiga musun ba, don a ƙofar fita akwai kanti.

Ranar Azhar ce ta tona asiri gaba ɗaya. Laifin na waɗanda suka tsara babban birnin Masar ne, da suka ajiye masallacin Azhar da Faɗimawa suka fara ginawa a 970 a tsallaken titi ɗaya da kasuwar Khan al-Khalili. Na raka yara har tsakar masallacin, na yi nafila, sannan na ce wa abokiyar aikina zan leƙa in duba wa ɗakin karatun makaranta littattafai. Ta dube ni ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam." Ta riga ta san ni.

Kasuwar ta fi shekara 600, kuma ina jin duk wayon da aka tara a shekarun nan a kaina aka sauke shi. Lungu ne ƙunci-ƙunci, fitilun tagulla a rataye, turare yana tashi ta ko'ina. Mai shagon da ya kama ni ya tambayi ƙasata, na faɗa, ya ɗaga hannu sama ya ce "Okocha!" Ya zaunar da ni, ya aika aka kawo mini zoɓo mai sanyi, wanda su ma suke sha kamar mu. Na buɗe baki da Larabcin littafi, mai cikakken wasali, ya riƙe ciki yana dariya yana kirana shehi. Ya sa wa jallabiya kuɗi, na raba biyu. Ya dafe ƙirji ya ce so nake 'ya'yansa su kwana da yunwa. Na miƙe na kama hanya, ina ƙirga taku a zuci. Ya biyo ni ya riƙo hannuna, ya ce saboda Musulunci ya sallama. Daɗin da na ji a wannan lokaci, Allah ya yafe mini, ko ranar da na karɓi takardar digiri ban ji shi ba. Na ce a ba ni guda shida.

Su kuwa yara suna can sun haɗu da 'yan ƙasarmu da ke karatu a Azhar, wani daga Maiduguri, wani daga Zariya. Suka zagaya da su, suka gaya musu cewa tun zamanin da masallacin yana da ɓangarorin kwanan ɗalibai ƙasa-ƙasa, har da na Barnawa. Suka ba su labarin zaman Madinatul Bu'us, unguwar ɗaliban waje, da sanyin hunturu, da waken da ake karya kumallo da shi kullum, da yadda mutum zai zo da haddar nahawu ya kasa sayen tumatir sai ya koyi Larabcin titi. Yara biyu suka fito da niyyar dawowa karatu, ɗaya kuma da ya taho da wannan niyya ya ce ya fasa, wake ya kore shi. A nan ne kuma aka ba su shawarar da ni ba wanda ya ba ni, cewa Khan kasuwar baƙi ce, mai son araha ya gangara Muski ko Ataba. Da daddare wani yaro ya fito da jallabiyar da ya saya wa babansa, irin tawa sak, har zaren wuya. Na tambayi kuɗin. Da ya faɗa sai na ce masa dare ya yi, kowa ya je ya kwanta.

Tun da ni malamin tarihi ne, ban rasa abin kare kai ba. Mansa Musa na Mali ya sauka a wannan birni a 1324 a hanyarsa ta hajji, zamanin Sarki Nasir Muhammad. Ya yi kyauta, mutanensa suka yi sayayya, har darajar zinariya ta faɗi, kuma al-Umari, wanda ya rubuta labarin, ya ce bayan shekara 12 ba ta gama farfaɗowa ba. Ya kuma rubuta yadda 'yan kasuwar birnin suka riƙa sayar wa mutanen Mali tufar da ba ta kai dinari ɗaya ba a kan dinari biyar. Wato dai hanya ce na tarar, manya sun bi. Bambancina da Mansa Musa shi ne shi da raƙuman zinariya ya zo, ni da alawus ɗin tafiya.

Abin da na lura da shi daga baya, rashin kuɗi ne ya buɗe wa yaran ido. Guzurinsu kaɗan ne, saboda haka dole suka koyi zaman gari. Suka gano koshari, shinkafa da taliya da wake da soyayyar albasa a kwano ɗaya, mai cika ciki da arha. Suka iya sayen tikitin jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe tun 1987, 'yan matan kuma suka dawo suna ba da labarin taragon da aka ware wa mata zalla. Wani ya ga masu keke suna ratsa motoci da faifan burodi a ka, ya bi diddigi har ya gano gwamnati ce ke tallafa wa burodin, alkamar kuma yawancinta daga waje ake sayo ta. Akwai kuma abin da ba ya cikin tsarin malama. Wata rana wasu samari a titi suka bi su da tsokana saboda launin fatarsu, har wata yarinya ta yi kuka. Wata dattijuwa Bamisiriya ce ta tsawata wa samarin ta kore su. Daren nan yaran suka zauna suna maganar sunayen da mu ma muke kiran baƙi da su a gida, wasu suna kare kai, wasu sun yi shiru. Wannan ne kaɗai abin da in na tuna ba na dariya, don lokacin da abin ya faru ina wani shago ina taya tawul.

A filin jirgi sikeli ya faɗi gaskiya. Na riga na ƙara jakar bakko a kan akwatunana biyu, na kuma rarraba man habbatus sauda da dabino da dadduma a jakunkunan yara, ina ce musu taimakon juna ne. Duk da haka kaya suka yi nauyi, aljihuna kuwa ko na shayi babu. Sai monitar aji biyar, yarinyar da tun zuwanmu take ƙulle da kuɗinta a bakin mayafi, ta ce, "Malam, in ranta maka?" Na ce a'a, sannan na ce nawa ne. Ta ƙirgo, ta buɗe littafin da take rubuta bayanan tafiya, ta rubuta kwanan wata da adadi a ƙarƙashin bayanin Azhar, ta miƙo mini biro in sa hannu.

Nan ma ban kauce wa tarihi ba. Mansa Musa da ya dawo daga Makka guzuri ya ƙare, sai da ya ci bashi a hannun attajiran Masar. Ɗaya daga cikinsu, Sirajuddin ɗan Kuwaik, mutumin Iskandariya, ya bi sawun kuɗinsa har Tambutu, a can ya rasu, Ibn Baɗɗuɗa ma ya ga kabarinsa. Tawa mai bin bashin ba ta yi nisa haka ba. Kowace Litinin takan leƙo ofishin malamai, ta durƙusa ta ce, "Malam, ina kwana. Baba ya ce a gaishe ka." Ba ta taɓa ambaton kuɗi ba. Sai da albashi ya shigo Baba ya daina gaishe ni.

Da suka kawo rahoton tafiya ni aka ba in duba. Na karanta labarin kogi, da na masu gasa burodin Giza, da shafi uku cur a kan waye Fir'auna. Yaron jallabiya kuwa ya rufe nasa da cewa ya koyi kada mutum ya taya kaya a inda baƙi suke taruwa, kuma Malam ne ya koya musu wannan a aikace. Na ba shi maki mai kyau, don ban ga inda zan ja jan biro ba.

Tsaraba ta isa ga masu ita. Liman ya sa albarka, mai shayi ya rataye raƙumin a jikin teburinsa. Goggo na bari ƙarshe, na kai mata mayafi mafi tsada a cikin kayan. Ta warware shi, ta ɗaga a rana, ta murza bakinsa da yatsa, ta ce irinsa ne jikarta ta sayo mata a Kantin Kwari da azumi. Ta tambaye ni nawa na saya. Na rage rabin kuɗin na faɗa mata. Ta riƙe haɓa ta ce, "Kai, ɗan nan, an cuce ka."