Lambun Hajiya, Ragon Alhaji

Da watan Maris ya kama, wayoyin matan Yamai sai su cika da furanni. Ga wata baiwar Allah a Faransa ta sa safar hannu tana dashe a bayan gida, ga wata a Kanada ta miƙe ƙafa tana saƙa, mijinta na tura yara a lilo. Su can sanyi ne ya sake su bayan ya kulle su a ɗaki wata da watanni, dole su yi murna. Mu nan kuwa a daidai lokacin ne rana take ɗaura ɗamara. A Afrilu digiri 41 abin yau da kullum ne, wata rana har ya doshi 45. Amma tunda an gani a TikTok, magana ta ƙare: bana mu ma za mu ji daɗin gida, da lambu da saƙa da zaman iyali.

Da lambu ake farawa. Hajiya ta aika Katako a sayo tsofaffin tayoyi, a shafa musu fenti ja da kore, a jera su gindin katanga. Sannan ta nufi masu sayar da dashe a bakin kogi, ta nuna hoton da ke wayarta, ta ce irin wannan take so. Mai lambu ya dubi hoton, ya dubi sama, ya ce, "Hajiya, wannan ba lokacinsa ba ne, ki bari sanyi ya shigo." Ta ce, "Malam, kai dai sayar mini, ba shawara na zo saye ba." Shi kuwa da ma ciniki ya fito yi.

Abin da Hajiya ba ta tambaya ba shi ne me ya sa mutanen Yantala da Gamkale da Saga da kwarin Gunti Yena suke zuba irin salati da kabeji da karas tun wajen Oktoba da Nuwamba. Su ne masu fita da asuba da butar ban-ruwa biyu, ɗaya a kowane hannu, kuma su ne suke cika kasuwa da ganye a Janairu har a rasa mai saye. Tun bayan farin 1984, da Janar Seyni Kountché ya matsa wa ƙasa ta rungumi noman rani, kowa ya san sanyi ne abokin lambu. Dattawansu kuma ba su manta 1985 ba, shekarar da kogin kansa ya daina gudu a Yamai. Wanda ya ga haka da idonsa ba ya wasa da ruwa a bazara.

A gidan Hajiya kuwa, famfo ba ya magana sai tsakar dare, in ya ga dama. Don haka an kafa dokar ta-ɓaci: 'yar aiki ta kwana da kunne ɗaya a buɗe, da ta ji tari daga bututu ta tashi. Ran da bai yi tarin ba, a tare mai garuwa da jarkokinsa masu ruwan ɗorawa. Yara su yi wanka da rabin bokiti, fure ya sha guda. Bayan wata biyu ana wannan jihadi, sai ga tumatir uku sun fito, kowanne bai wuce ƙwallon goriba ba. In aka yi lissafin kuɗin ruwa da taki da fenti, da an sayi kwando guda a kasuwa har da kuɗin taksi. Amma an ɗauke su hoto ta fuska huɗu, an tura wa matan foyandi, an sha "Masha Allah" har da alamar zuciya.

Sai Alhaji ya kawo tasa gudummawar. A 'yan shekarun nan layya tana faɗowa ƙarshen bazara ko farkon damina, shi kuma mutum ne mai hangen nesa, ya sayi ragonsa da wuri kafin tsada, ya ɗaure shi da igiyar da ta ga jiya ta ga yau. Rago bai san TikTok ba, amma ya san ɗanyen ganye. Dare ɗaya ya gama da abin da aka yi wata biyu ana reno.

"Alhaji, ka ga abin da ragonka ya yi mini?"

"Hajiya, ai bai fita daga gida ba. Ran Sallah za ki ci lambunki a soye."

Daga nan sai a koma saƙa, tunda ita rago ba ya cin ta. An sayo kwarashi da ulu kala-kala. Wanda ya fara shan wahala shi ne jariri, don ba shi da bakin ƙara. A tsakiyar zafin nan an sa masa hular ulu da safar ulu da rigar ulu, an kai shi awo yana tsiyayar gumi, wuyansa duk ƙurajen zafi. Ungozoma ta ce a cire, kaka ta ce iska za ta shige shi. Da jariri ya ƙare, sai a juya kan kayan ɗaki. Talabijin ta samu mayafi, firji ya samu hula, kwalbar shayi ta samu riga, har madannin talabijin an yi masa wando. Baƙon da ya daɗe a zaune a falo, ya yi hattara kada a auna shi.

Ba wanda ya raina saƙa. Je ka ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, ko baje kolin SAFEM da ake yi wa mata masu sana'a a Yamai tun shekarar 2000, ka ga waɗanda suke ciyar da gida da biyan kuɗin makaranta da yatsunsu. Su sun san kayan sanyi a Disamba ake neman su. Kuma saƙar da ta dace da wannan wata kakanninmu sun gama ta tuntuni: mafici na kaba. Ba ya cin wuta, ba ya neman caji, kuma bai taɓa lalacewa don an ɗauke lantarki ba.

Saura zaman iyali. An ce kowa ya zauna gida, kowa kuwa ya zauna: Hajiya da wayarta, 'yan mata da tasu, samari da tasu, ana gaisawa ta WhatsApp daga wannan ɗaki zuwa wancan. Alhaji yana fada, ba ya tashi sai an sauke shayi na uku, gida wurin cajin waya ne da canza riga. Mai haɗa kan iyali na gaskiya a garin nan shi ne ɗaukewar wuta. A Agustan 2023, da Najeriya ta katse layin da a lokacin yake kawo wa ƙasar nan kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta, an ga haɗin kan da wa'azin shekara goma bai kawo ba. Haka yake a kowace bazara: fanka ta tsaya, ɗaki ya gagari zama, a fito da tabarmi tsakar gida, batura su mutu ɗaya bayan ɗaya. Sai ka ji uba ya juya ya ce, "Kai, aji nawa kake ne yanzu?" Yaro ya ce, "Baba, ai bana zan rubuta BEPC." Uba ya ce, "Ikon Allah, yaushe?" Ana cikin haka wuta ta dawo, yara su yi ihu, kowa ya ruga neman soket, taro ya watse ba addu'a.

To, jama'ar Yamai, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mai son kore a gidansa cikin zafin nan ya shuka zogale, ruwan wanke shinkafa ma ya ishe shi, ga kopto da dambu a ƙarshe. Mai son inuwa ya jira 3 ga Agusta, ranar da ƙasar nan take dashen itace tun 1975, ya dasa mangwaro ko bedi, ya kewaye shi da ƙaya. Salati a bar shi sai Nuwamba, ulu sai Disamba, a tuɓe wa jariri ya sha iska. Kai kuma Alhaji, sayi sabuwar igiya, ka kuma dawo gida tun kafin a ɗauke wuta.