Mutanen Gindin Bishiya

In kana son sanin halin mutanen Dawaki, kada ka neme su a masallaci, can kowa salihi ne. Bari sai Afrilu, lokacin da duwatsun ƙasar Rano suka ɗau zafi kamar tanda, ka zauna gindin darbejiya ka ta da zancen bishiya.

Wanda zai fara tanka maka shi ne Sarkin Inuwa. Tun hantsi yake shimfiɗa tabarma, yana janta duk inda inuwa ta karkata har la'asar sakaliya. Shi zai ba ka labarin cewa daga Indiya aka kawo darbejiya a zamanin Turawa, kuma gaskiyarsa. Amma tambaye shi yaushe rabon da ya zuba wa dashe ko ragowar ruwan buta. Sai ya ce, "Haba Malam, bishiya ai ta Allah ce." Tabarmar dai tasa ce, kada ka taka.

Kusa da shi akwai Mai Idon Buhu. Kai kana ganin kaɗanya, shi yana lissafin buhun gawayi nawa za ta ba da. Bai taɓa cewa zai sare ba, sai dai, "Wannan ta tsufa, kada ta faɗo wa yara." Tausayin yara ba ya motsa masa sai gawayi ya yi tsada a Kano.

Sai Matsoraci, wanda ba ya bi ta gindin tsamiya ko kuka bayan magariba, wai mutanen ɓoye na hira. In azumi ya zo kuwa ya fi kowa shan kunun tsamiya, ba tare da ya nemi izinin masu gidan ba. Ni dai ban cika yi masa dariya ba. Tsamiyar da tsoron aljanu ya hana gatari taɓawa, daga nan har Kibiya, ta fi wadda dokar gandun daji ta tsare yawa, in ka tambaye ni.

Mai Sassaƙe shi so ne ya yi masa yawa. Basir, madaci. Shawara, madaci. Ciwon da bai san sunansa ba ma madaci. Yana ta ɓanɓarar ɓawo har ya kewaye gindin, bishiya ta bushe a tsaye, ya ce sammu aka yi mata.

Babbansu duka Honarabul. Sau ɗaya yake zuwa a shekara, da damina ta kankama, cikin farar shadda, da masu ɗaukar hoto a gaba. Zai yi jawabi kan hamada da ke kwararowa daga arewa, ya ambaci babbar katangar bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, ya duƙa a hankali don kada babbar riga ta taɓa laka, ya sa dashe a rami. A yi tafi. Kafin jerin motocinsa su kai Rano, akuya ta kammala bikin. Baɗi a dawo ramin nan dai, tunda an riga an haƙa, ba sai an sake wahala ba.

Maƙwabcin Katanga bai da dogon bayani: ganyen mangwaronka da ya faɗa gidansa naka ne, zo ka share. 'Ya'yan kuwa rabo ne daga Allah.

Akwai wadda ba za ka same ta a majalisar ba sam, Inna ta bayan layi. Ba ta san wata katangar Afirka ba, ta dai san ɗorawa ce ke ba da kalwar daddawa, kuma gonar da gawo ke tsaye a cikinta ba ta ba da kunya. Bara ta dasa mangwaro a ƙofar gida, ta kewaye shi da ƙaya da tsohon kwando, kullum ruwan alwalarta can yake ƙarewa. Ya kai ƙugu yanzu.

Shekaranjiya na ga Sarkin Inuwa ya tsaya a wurin, yana auna ƙasa da ƙafa.

"Inna, barka da aiki. Wannan shekara nawa zai yi kafin a zauna?"