Bincikena Ya Tsaya a Zauren Kawu

In dai batun sikila ne, ni ba kanwar lasa ba ce, amma fa sai ina sanye da farar riga. Ranar awo a ɗan asibitinmu na Daddara, mata masu ciki sun cika benci, nakan jera marafan lemo huɗu a kan tebur: ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS. In ce musu idan miji AS ne matar ma AS, kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce a cikin huɗun nan. Ba wai in an haifi mai SS yau, ukun da za su biyo baya sun tsira ba. In ƙara da cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da AS, kuma ana ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 ake haifa da cutar duk shekara. In wata ta sunkuyar da kai, in ce mata AS ba tsinuwa ba ce, tun 1954 wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna yana kare yaro daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ya yawaita a ƙasashe irin namu. Murya tar, ko gezau.

Da na cire rigar na shiga gidanmu, shi ke nan, baki ya mutu. Kara ce ke ɗawainiya da ni. Ba zan iya duban babba a dangi in ce a yi gwajin jini kafin a sa rana ba.

Maimakon in nemi maganin wannan, sai na koma mafarkin tallafin bincike. Na ji labarin H3Africa, shirin da hukumar binciken lafiya ta Amurka da gidauniyar Wellcome ta Ingila suka kafa a 2010 don masanan Afirka su binciki ƙwayoyin gado a ƙasashensu. Na karanta aikin da aka yi a asibitin koyarwa na Aminu Kano tare da jami'ar Vanderbilt: ana auna gudun jini a jijiyoyin kan yara masu sikila da na'ura, waɗanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki a ɗora su kan maganin hydroxyurea. A Kaduna har nas-nas aka koya wa wannan awon. Na ce to, ni me zai hana?

Abubuwan da za su hana suna da yawa. Masu ba da irin kuɗin nan ba sa zuba shi a asusun mutum, sai jami'a ko babban asibiti ya tsaya maka. Sai an sami izinin kwamitin da ke duba haƙƙin mutanen da za a yi binciken a kansu. TETFund kuwa ta malaman manyan makarantu ce, ba ta nas ɗin karkara ba. Duk na sani. Amma ban taɓa zuwa Katsina neman wanda zai ɗora ni a hanya ba, don ni ɓangaren kasafi ne ya fi yi mini daɗi. Ina da littafi mai bango ja, a cikinsa na sayi babur, na sayi firji mai sola, na sayi katan-katan na ɗan abin gwajin nan da ake tsira yatsa a ga sakamako cikin mintoci. Da farashin mai ya tashi a 2023, sai da na zauna da dare na gyara lissafin man babur ɗin da ba ni da shi.

Tambayar binciken kuwa, ba don ni na ƙirƙiro ba, mai kyau ce. Mu nan kan hanyar Katsina zuwa Jibiya muke, daga Magama ka tsallaka sai Ɗan Isa, sai Maraɗi. Aure ba ya tsayawa a shingen kwastan. Ana kai amarya can, ana kawo ta nan, galibi auren zumunci. Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, amma dokar jiha iyakarta jihar. Ango daga Madarunfa, in ma ya zo da takarda, da Faransanci take, wa zai karanta wa waliyyi? Wa ake tambaya, wa ake jin nauyinsa, kuma idan sakamako ya zo ba daɗi, a kan wa laifi yake sauka? Amsar ta ƙarshe na san ta ba sai da dala ba: a kan mace.

Uzuri kuwa ba na rasawa. Da aka katse layukan waya a Jibiya da wasu ƙananan hukumomi a Satumbar 2021 saboda 'yan bindiga, na ce ai babu intanet. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, na ce rabin mutanen bincikena suna wancan tsallaken. Aka dawo da layi, aka buɗe iyaka, littafina yana nan a kan kasafi.

Ana cikin haka kawuna ya ba ɗan ƙanwarsa na wajen Maraɗi ɗiyarsa. Gidan su angon akwai yaro mai sikila, ni da hannuna na sha sa masa ruwa lokacin hunturu: idanu sun yi ɗorawa, yatsu sun kumbura, yana kuka yana cewa ƙashinsa ake sara. Na shirya jawabi tun daga gida, har marafan lemon na zuba a jaka. Na tarar da Kawu a zaure kan buzu, rediyo a gefe. Na durƙusa na gaishe shi. Muka yi batun tsadar gero. Muka yi batun kayan ɗaki. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ke ce ta asibiti, ko akwai wata magana?" Na ce, "Babu komai, Kawu, sai alheri. Allah ya sanya albarka." Har goro ya ba ni.

Abin da ke riƙe mini harshe shi ne, a kunnen dattijo maganar gwaji tana iya zama kamar an ce jinin gidansa ba shi da kyau. Ga shi kuma shi ya biya mini kuɗin makarantar jinya.

Amaryar ce da kanta ta zo asibiti wata safiya, ta jira layi ya ragu, ta miƙo hannu ta ce, "Anti, ki ɗebi jinina. Na ji abin da kike gaya wa mata." Aka kai Katsina, ya dawo AA. Na yi hamdala, na kuma ba abokan aiki labarin da wani irin salo da zai sa a ɗauka ni na tsara komai.

A daren na buɗe littafin na ƙara layi ɗaya a kasafi, ƙarƙashin man babur: alawus na mutum ɗaya, dattijo, mai ƙarfin hali, wanda zai riƙa yi wa kawunnai magana. Na ware masa fiye da abin da na ware wa kaina.