Idon Kyamara da Wuyan Mai Hoto

Masu hoto a Sakkwato sun kasu uku bisa idon kyamararsu, kowa na ganin sauran biyun 'yan koyo ne. Akwai mai zum 18-55, wanda ya zo da kyamara tun cikin kwali, na roba, sakayau. Da rana jarumi ne. Magariba na kawo jiki sai ya fara lalube, don in an zuƙo, ƙofar haskensa tsukewa take zuwa f/5.6. Akwai mai 24-105, ɗan lallaɓa: ranar hawan Sallah daga gefen fadar Sarkin Musulmi zai jawo fuskar mahayi, doki bai taka shi ba.

Sai oga, mai 24-70 f/2.8. Na Canon ya ɗan haura giram 800, na Nikon mai VR ya wuce kilo guda. Rataya wannan a wuya cikin zafin Afrilu, ka taka daga Hubbaren Shehu zuwa babbar kasuwa, za ka san ka sayi kaya. Hujjarsa ɗakin amarya in an ɗauke wuta, kuma gaskiya nan ya fi su. Kuɗinsa dai kada uwargida ta ji.

Hunturu kuwa ba ya duba farashi, kowa da tsumman goge ƙura a aljihu.

A wajen biki duk wannan gardama ba ta dami gwaggon amarya ba. Ta gyara mayafi ta ce, “Kai ɗan nan, ka dai sa in fito fara, ka turo min ta WhatsApp.”